Gida Ɗaya Ya Samu Sau Uku, Gida Uku Ba Su Samu Ba

Ina gaida mutanen Ƙauran Namoda da kewaye. Ina gaida na Shinkafi da na Zurmi. Ina gaida na Kasuwar Daji da Kurya Madaro, da na Moriki da Dauran da Jangeru, da duk inda muryar nan ta isa. Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu daga garin da ba nasu ba, a cikin ɗakin da aka ara musu. Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Sharhinmu na yau a kan ƙungiyoyin taimakon jama'a ne. Maganar da nake tafe da ita guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Muna da ƙungiyoyi, muna da masu zuciyar bayarwa. Amma kowa yana rabonsa shi kaɗai. Shi ya sa gida ɗaya ke samu sau uku, gida uku ba su samu ko sau ɗaya ba. Lokaci ya yi da ƙungiyoyinmu za su zauna a tabarma ɗaya.

Bari mu fara da halin da ake ciki.

Wannan yanki namu ba a san shi da bara ba. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura, nan kuma ya tsaya. A da, gyaɗa da auduga da fatu daga nan ake lodinsu zuwa kudu. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, har daga Nijar ake zuwa cinta. Fadamun Gulbin Gagare sun ciyar da kakanninmu rani da damina. Talaka yana nan tun da can, wannan gaskiya ne. Amma talakan da can yana da gonarsa. Yana da 'yan awakinsa a bayan ɗaki. In damina ta yi kyau, ya rufa wa kansa asiri.

Yau fa? Sama da shekara goma ke nan 'yan bindiga na hana mutane sakat. An kore shanun huɗa. An ƙone rumbuna. Wani ƙauyen sai an biya kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wanda aka ɗauke masa ɗa ya sayar da gona ya fanso shi. A watan Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, don a matsa wa ɓarayi lamba. Mai ƙaramin jari ya ji a jikinsa. A farkon 2023 takardun kuɗi suka ɓace a hannun jama'a saboda canjin naira. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, farashin tiyar hatsi ya bi shi. Jarin mai ƙosai ya narke. Na mai ƙuli-ƙuli ma haka.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi. Suka tarar ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Ɗaya cikin huɗu, jama'a. A ƙasar gero da dawa da wake.

Manomin da jiya yake fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, yau shi ne a layin karɓa. Wannan shi ne sabon talaucin da ya same mu.

To, wa ke ɗauke da wannan nauyi?

Kafin kowace ƙungiya, akwai masu masauki. Yawancin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba a sansani suke ba. Suna gidajen 'yan'uwa da surukai da abokan ciniki. Suna cikin kangaye da zaurukan mutane. Magidanci mai mutum takwas ya wayi gari da mutum ashirin. Tukunyar ita ce dai ta jiya. Uwargida ta ƙara wa kunu ruwa, ta raba tuwo ƙanana-ƙanana, ta ce ita ta ƙoshi. Ba a kiran sunan waɗannan bayin Allah a wajen taro. Ni a ganina, su ne babbar ƙungiyar agaji a arewacin Zamfara. Allah ya saka musu da alheri.

Bayansu sai ƙungiyoyi. Ga 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda muke gani a asibiti da wajen jana'iza. Ga kwamitocin marayu na masallatai. Ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantun Islamiyya na matan aure. Ga ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa da mahauta da teloli. Ga matasan unguwa masu zaga gida-gida da kwano. Ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura. Ga 'ya'yanmu mazauna Gusau da Kano da Abuja da Legas, masu haɗa kuɗi ta WhatsApp su aiko gida. Ga kuma hukumar zakka da waƙafi da jihar nan ta kafa bayan ƙaddamar da shari'a. Duk suna ƙoƙari. Ban zo in rage wa kowa lada ba.

Amma yanzu zan juya ga inda gizo ke saƙar.

Ku dubi yadda rabo ke gudana a unguwanninmu. Kwamitin masallaci ya rubuta sunaye. Ƙungiyar matasa ta rubuta nata. Wani mai hali ya aiko da buhuna daga birni, ya ce a nemo masa mabuƙata. Kowa ya tafi gidan da ya sani. Gidan da aka sani kuwa shi ne na bakin hanya, ko na mai baki, ko na wadda ta saba zuwa ta faɗi kukanta. Sai ta samu daga hannu uku. Ba laifinta ba ne, ita ma tana cikin buƙata. Amma can ƙuryar lungu akwai wata. Mijinta ya rasu a gona. Baƙuwa ce a garin, ba ta san mai unguwa ba. Tana takaba, ba ta fita. Kunya ta hana ta aika yaro roƙo. Babu sunanta a takardar kowa.

Gida ɗaya ya samu sau uku. Gida uku ba su samu ba. Kuma babu wanda ya yi niyyar zalunci. Rashin zama tare ne ya jawo.

Akwai matsala ta biyu, ita ce ta lokaci. Hannunmu ya fi buɗewa da azumi. Wannan abu ne mai kyau, watan lada ne. Ana dafa abincin buɗa-baki, ana ɗinka wa marayu kayan salla. To amma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. Yunwar gaske kuwa sai damina ta zauna. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Lokacin marka ne sauro ke yawa, zazzaɓi ke kwantar da yara, gadajen asibiti ke cika. A daidai wannan lokaci asusun yawancin ƙungiyoyinmu a bushe yake. An gama rabo tun kafin salla. Duk mun bayar a wata ɗaya, muka bar wata uku mafi tsanani ba kowa.

To mene ne mafita? Ku biyo ni sannu a hankali.

Abu na farko mai sauƙi ne, ba ya cin ko kwabo. A kowace unguwa, shugabannin ƙungiyoyi su zauna wuri ɗaya, sau ɗaya a wata. Mai unguwa na nan, liman na nan. Mata kuma lallai su kasance a ciki, ba a aika musu da saƙo daga baya ba. Dalili shi ne, namiji iyakarsa zaure. Mace ce ke shiga har ɗaki. Ungozoma ta san gidan da mai jego ba ta da abin kunu. Malamar Islamiyya ta san yarinyar da ta daina zuwa don ba ta da hijabi. Mai kitso ta san gidan da ba a hura wuta ba tun jiya. Abin da suka sani ya fi duk wata takarda da za a cike a ofis.

A wannan zama a buɗe littafi guda. Littafi ɗaya na unguwa. Wane gida ke da marayu, wane ke da baƙi 'yan gudun hijira, wane ke da tsoho mara mai kula, wa ya samu a watan jiya, wa bai samu ba. In ƙungiya ta tashi rabo, ta duba littafin tukuna. Kayanta nata ne. Sunanta na nan a jikin buhu in tana so. Abin da ake roƙo kawai, ta tambaya: wa ya rage?

Littafin nan kuwa amana ne. Ba a karanta shi a lasifika. Ba a ɗaukar hotonsa a watsa a waya. A nan zan ɗan tsaya, don abin yana ci mini rai. 'Yan'uwana masu rabo, ku rage ɗaukar hoto. Dattijuwa ta zo karɓar tiya biyu, an sa ta riƙe leda, an ɗauke ta, gobe jikanta ya gan ta a Facebook. Akwai waɗanda sun gwammace su kwana da yunwa da a yi musu haka, kuma sau da yawa su ne suka fi buƙata. In masu aiko da kuɗi na son shaida, a ɗauki hoton buhuna da rasit. A bar wa mutane mutuncinsu.

Abu na biyu shi ne rumbu. Kowa ya san hatsi ya fi araha da kaka. Kowa ya san yadda yake tashi in damina ta faɗi. 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suke saye su ajiye. Me zai hana ƙungiyoyi su yi wa talaka wannan dabara? Ƙungiya ɗaya ba ta iya sayen abin kirki. Amma in goma suka haɗa, za a sayi gero da dawa da wake da kaka, a ajiye. Wani kaso a fitar da azumi. Kaso mafi tsoka a riƙe shi sai marka. A ba gajiyayye kyauta. Mai ɗan ƙarfi a sayar masa a farashin kaka, ko a ranta masa ya biya in ya girbe. Haka rumbun zai zagayo wata shekara bai mutu ba.

Na san wani zai ce, a wannan zamani tara hatsi wuri ɗaya ai kiran ɓarawo ne. Gaskiyarsa. Don haka a ajiye a cikin gari, a rarraba gidajen amintattu, kada a yi shela. Waɗanda suka san ƙasa sun san yadda za su yi.

Yanzu bari in ɗauke ku zuwa maƙwabta, don kada a ce mafarki nake yi.

A shekarar 1991, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, aka fara wani tsari tare da ƙungiyar CARE. Sunansa Mata Masu Dubara. Daga adashen da iyayenmu mata suka sani aka tsiro da shi. Mata kamar ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako. Kowa ta zuba abin da aka amince a cikin akwati. Ba kuɗin gwamnati, ba na Turawa, nasu ne na kansu. Wadda ke son jari ta ranta, ta sayi gyaɗa ko ɗan akuya, ta juya, ta mayar. Akwai kuma wani ɗan asusu a gefe don rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa. In shekara ta zagayo, a fasa a raba. Daga baya ƙungiyoyin ƙauyuka suka riƙa haɗuwa, har wasu suka kafa rumbunan tsimi nasu. Yau wannan tsari da matan Hausawa suka fara ya bazu ƙasashe da dama na Afirka, har ya tsallaka Asiya.

Maraɗi ba nisa gare ta ba. Harshenmu ɗaya, geronmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Tun 2019 ma dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka can neman mafaka, ƙauyukan yankin Gidan Rumji suka karɓe su. Matan da suka fara wancan asusu ba su fi matan Zurmi wadata ba. Abin da suka riƙe shi ne haɗuwa duk mako da lissafi a gaban kowa.

Wannan ya kawo ni ga maganar jari. Tiyar gero tana ƙarewa cikin kwana biyu. Dole a bayar da ita, don mai jin yunwa ba ya jiran dogon shiri. Amma bayan tiya sai me? Matar da ta gudo daga ƙauye ba ta bar sana'arta a can ba. Ta iya ƙuli-ƙuli, ta iya daddawa, ta iya dakan hura, ta iya kiwo. Kaskonta da turminta ne suka ƙone. A nan ne haɗin kai ke aiki, don kowace ƙungiya akwai abin da ta fi kowa iyawa. 'Yan kasuwa su ba ta gyaɗa bashi a farashin sari. Teloli su ɗauki ɗanta koyon ɗinki. Direbobi su kai mara lafiya asibiti ba tare da an tsaya ciniki ba. Ɗaliban kwaleji su riƙe lissafi. Matan Islamiyya su koya wa iyaye haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, wanda ke tsare yaro kafin tamowa ta kama shi. Masu gonaki kusa da gari su ara wa baƙo kadada guda, matasa su yi masa gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani tun muna yara.

To, in abin mai sauƙi ne haka, me ya hana? Bari mu faɗa wa juna gaskiya.

Na ɗaya, son suna. Kowa na so a ce ƙungiyarsa ce ta yi. Na biyu, bambancin aƙida. Wannan ɗan ɗariƙa ne, wancan ɗan Izala ne, ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Malamaina, ina girmama ku, kuma ba na ce kowa ya bar fahimtarsa ba. Amma marayan da ke kuka bai san wane masallaci ubansa ke salla ba. A yi muhawara a wajen karatu. A wajen awon hatsi a haɗa kwano.

Malamai sun sha karanta mana labarin Ash'ariyyawa, wata ƙabila ta mutanen Yaman a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. In guzurinsu ya yi ƙasa a wajen yaƙi, ko abincin iyalinsu ya ƙaranta a Madina, sai kowa ya kawo ɗan abin da ya rage masa. Su tara a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya. Annabi ya yabe su a kan haka, har ya danganta kansa da su. Mayafi ɗaya, mudu ɗaya. Abin da nake roƙo ke nan.

Na uku shi ne rashin yarda, kuma shi ya fi ƙarfi. Mutane sun sha ganin an tara kuɗi sun bi ruwa. Wa zai riƙe asusun? Tambaya ce mai kyau. Amsarta na wajen matan nan masu asusu. Akwati ɗaya, makullai uku, a hannun mutum uku. Mai ajiye akwatin ba ya riƙe makulli. Ba a buɗewa sai a gaban jama'a. Abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi bayan sallar Juma'a, a liƙa a ƙofar masallaci. Sunayen masu karɓa a sakaya. Lissafin kuɗi a bayyana.

Sai kuma 'yan siyasa. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa, a yi masa godiya. Amma littafin unguwa ba na jam'iyya ba ne. Ranar da aka fara tambayar mabuƙaci katin zaɓensa, ranar tafiyar ta lalace.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wannan masifa ba ta bar kowa ba. Akwai zawarawa da marayu a ƙauyukan Hausawa. Akwai su a rugagen Fulani, waɗanda su ma aka sace musu shanu, aka kashe musu maza, ba su ci ba su sha ba. Akwai baƙinmu 'yan kudu da suka daɗe a Ƙaura, wasu nan aka haifi iyayensu. In littafin unguwa ya tsallake gida saboda yare ko addini, mun shuka wata gabar da 'ya'yanmu za su girba. Yaron da ya tashi yana ganin an raba an hana uwarsa, ba ya mantawa.

Kada kuma gwamnati ta ji wannan sharhi ta ce an sauke mata nauyi. Ba a sauke ba. Ƙungiyar unguwa ba ta iya buɗe hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Ba ta iya mayar da manomi gonarsa. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma shi ne maganin wannan talauci na asali. Amma ko wajen kai kuka, murya goma a haɗe ta fi isa Gusau. In ƙungiyoyi suka je wa hukumar zakka ko ƙaramar hukuma ko masu agaji na waje da littafi ɗaya tsararre, zai yi wuya a ce ba a san inda mabuƙata suke ba. Zai kuma yi wuya kayan su karkace a hanya.

Masu sauraro, na kusa sauka. Ga roƙona.

Mai girma shugaban ƙungiya, a cikin makon nan ka taka da ƙafarka zuwa wajen takwaranka, wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba. Ka tafi da takardar sunayenka, ya fito da tasa, ku gwada. Za ku ga gidan da ya samu sau uku. Za ku ga lungun da ba wanda ya taɓa shiga. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni, ku kira zaman, ku ne ake jin kunyarku. Malam liman, a sa maganar cikin huɗuba. Inna, Hajiya, ke da kika san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ki kai sunan a asirce. Ɗan'uwa da ke birni, in za ka aiko, ka tambaya ko akwai littafin unguwa, ka kuma ware wani abu don watan Agusta.

A fara da unguwa ɗaya. A fara kafin damina.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Zamfara baki ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.